Nono Ɗaya Suka Sha

Suhail ɗan ƙanwata Radiya ne. Yana jariri hatsarin mota ya tafi da ita da mijinta Zaharaddeen. A lokacin ina goyon Ibtisam, don haka dangin ubansa suka bar mini shi na haɗa su na shayar. Nono ɗaya suka sha, kwano ɗaya suke sa wa hannu, tabarma ɗaya suke kwana a gidanmu na Ƙofar Galadima. Amma cikinsu kam ba ɗaya ba ne.

Duk sanda amai da gudawa suka shigo unguwa, a gidanmu suke fara sallama, kuma Suhail suke nema. Yaro zai tashi da wasansa, kafin la'asar ya langaɓe, idanu sun faɗa. Ibtisam kuwa ko gezau. Na taɓa kama ta tana tsotsar cokalin da na gama ba shi kunu da shi yana tsakiyar ciwo. Na yi salati, na zuba ido. Washegari ita ta fara tashina wai a sayo ƙosai.

Mutane ba sa rasa abin faɗa. Aka fara cewa ai tawa nake tafasa wa ruwa, tawa nake wanke wa hannu, maraya kuwa ko oho. Ni da na wanke tsakar gidan nan har hannuna ya yi kanta. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, ta kuma yi tafiya har Kwarbai, gidan Malam Aƙilu, yayan mahaifin Suhail.

Ya zo da hantsi, ya tarar da yaron kwance a cinyata, ciwon ya sake tashi. Bayan mun gaisa ya ce, "Maman Ibtisam, ba faɗa ya kawo ni ba. Kin yi ƙoƙari. Amma in ya samu sauƙi zan tafi da shi wajen iyalina."

Wannan "kin yi ƙoƙari" ta fi mini zagi zafi. Ba ni da ikon hanawa, ɗansu ne. Na ce asibiti za mu yanzu, in yana so ya biyo mu. Ya ce dama yana da tambayar da zai yi wa likita.

Likitar mace ce, Dakta Asma'u, mai magana a hankali. Ta duba Suhail, ta ce ƙwayar cutar ciki ce da ke yawo tsakanin yara, ta sa aka ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Sai Malam Aƙilu ya gyara zama.

"Likita, yara biyu gida ɗaya, sa'annin juna. Ɗaya kullum a kwance, ɗaya ba ta taɓa yi ba. Me ke kawo haka in ba bambancin kulawa ba?"

A gabana ya faɗa, ko kara babu. Likitar ta tambaye ni ruwan da suke sha da rigakafin da aka yi musu, sannan ta juya gare shi.

"Malam, ƙwayar cutar nan sai ta samu wurin maƙalewa a hanji take kama mutum. Yawancin yara da wannan wurin ake haifarsu. Wasu kuma ba su da shi, sai ta wuce su, ko ta taɓa su sama-sama. Gado ne daga uwa da uba, kamar tsawo ko hasken fata, kuma 'yan ciki ɗaya ma sukan bambanta. Ba zan rantse a kan yaran nan ba tunda ban gwada su ba. Abin da na gani da idona shi ne an kawo shi da wuri, farcensa a yanke, kuma tun daga gida aka fara ba shi ruwa."

Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta ce kada in saki jiki da Ibtisam, ba kowace gudawa za ta tsallake ba. Na amsa da to. Wallahi da ta ce in share asibitin nan ranar, da na share.

Muka fito baranda, Suhail na barci a kafaɗar Malam Aƙilu.

"Haka muka taso ni da Zaharaddeen," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Shi kullum ciki, ni garau. Inna har ta koma ga Allah tana cewa wani abu ta yi ba daidai ba a goyonsa."

Na yi mata addu'a, ya amsa da amin. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya tare mana keke, ya shiga da yaron, ni ma na shiga.

"Ina muka nufa, Malam?" in ji mai keken.

"Ƙofar Galadima."

Da muka iso ƙofar gida ya sauka, ya ɗora mini Suhail a kafaɗa, ya gyara masa hula.

"Ga ɗanki nan. Allah ya biya ki."

Na buɗe baki in yi godiya, kuka ya riga ni. Na gode wa Allah, na gode wa baiwar Allah likitar nan, har shi Malam Aƙilun na gode masa da ya yi tambayarsa a fili maimakon ya riƙe ta a ciki. Ya juya ya kama hanyar Kwarbai a ƙafa.

Ibtisam ta rugo da gudu daga tsakar gida ta kama ƙafar Suhail tana ja. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Umma, ruwa." Na shiga na ɗebo masa.