Faifan Farko na Baba Maiwada

A gonar Abu Nayif da ke kan hanyar Badar, a bayan birnin Annabi, ba a fara harbi sai Baba Maiwada ya fasa faifan farko. Haka al'adar wurin take tun kafin in zo, a farkon shekarun tamanin. Abu Nayif ɗan kasuwa ne, ya share fili a bayan dabinansa, ya sa aka haƙa rami aka girka na'ura a ciki. Duk ranar Alhamis bayan la'asar abokansa da 'ya'yansu sukan taru da bindigogi. Mai harbi ya ce "hat", wato "kawo", na'ura ta cilla faifan yumɓu sama, shi kuma ya neme shi kafin ya faɗi.

Ni Shittu aikina hoto. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na iya tsayawa shiru da kyamara. Sai in ɗauki mutum daidai lokacin da faifai ya tarwatse, in kai fim a wanke a wani shago a unguwar Sultana, Alhamis mai zuwa in baje hotunan a kan darduma kusa da butar gahawa, kowa ya zaɓi nasa ya sallame ni. Ba mai son hoton da ya yi kuskure. Waɗannan nakan bar su a jaka.

Baba Maiwada mutumin Madawa ne a Nijar, maharbi tun yana saurayi. Shi ke goge bindigogi, shi ke koya wa yara yadda ake kafa ƙafa, kuma Abu Nayif ne kafilinsa, wato da sunansa takardar zaman Baba take. Matarsa Azumi ta rasu a nan, tana maƙabartar Baƙi'a kusa da masallacin Annabi. Ba su bar ɗa ba. In ana hira aka tambaye shi yaushe zai koma gida, sai ya ce, "Wane gida? Ai tsohuwa ta riga ni kama wuri. Ni dai Allah ya ɗauke ni a garin nan, a sa ni inda aka sa ta." Wannan kaɗai yake so, kowa ya sani.

A hoto na fara lura. Ina duba na Baba a shagon wanki, sai na ga bakin bindigarsa ya riga ya juya hagu, alhali faifai bai gama fitowa daga rami ba. Na duba na makon baya, haka. Da Alhamis ta zo na matsa kusa da shi, na ga auduga a kunnensa ɗaya kawai, alhali masu harbi kunne biyu suke toshewa. Can cikin rami kuma Sabo, mai ɗora faifai a na'ura, yana rera wata waƙa tasa da babbar murya kamar yadda ya saba: "Hagu zan bi, hagu gidan Fatna, ba zan hau sama ba." Larabawa sun ɗauka kewar gida ce ke damunsa, har sukan yi masa tafi.

Bayan an watse na samu Baba yana goge bindiga. Ban san yadda zan fara ba, na miƙa masa hoton kawai. Ya kawo shi dab da hancinsa, ya karkata kai.

"Ka gani ke nan," in ji shi.

"Na gani, Baba."

"Idon dama ya tafi tun bara. Likita ya ce jijiya ce, ba ta gyaruwa. Na hagu kuma kamar ana ƙona shara a gabana." Ya mayar mini da hoton. "Faifai ɗaya ne, Shittu. In na fasa shi, sauran aikin da baki nake yi. Kar ka sa wannan a darduma."

Ban sa ba. Daga ranar na koma ɗaukarsa ta gefe, ina jira sai ƙura ta tashi. Abu Nayif yana son hotunan nan ƙwarai, yakan nuna wa baƙi ya ce a duk Hijaz ba mai idon tsohonsa.

Haka muka yi ta tafiya har ranar babbar gasa. An zo daga Jidda da Yanbu, an yanka raguna, an kafa rumfa. Cikin abokan ɗan Abu Nayif akwai wani saurayi baƙi, dogo, mai fara'a, cikin farar riga da jan ƙyalle a ka, suna kiransa Awwal. Ya gaishe mu da Larabci, muka amsa da Larabci. Ba wanda ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Mun saba, in muka ga mutum da irin shigar nan, mu yi Hausarmu a gabansa yadda muke so.

Baba ya fito ya kafa ƙafa. Sabo ya ɗauki waƙa: "Dama zan bi, dama gidan Fatna, yau zan hau sama." Baba ya ce "hat". Faifai ya tashi dama, ya tarwatse. Na danna. Aka yi tafi.

Sai Awwal ya fashe da dariya, irin dariyar wanda ya ji abin da ya tuna masa da gida. Ya leƙa wajen ramin ya ce da Larabci, da ƙarfi, yana kiran Sabo baffansa, "Ya ammi, in layina ya zo ni ma ka rera mini dama ko hagu. Kakata ta ce Hausawa ba sa ƙin nasu."

Wasa yake yi. Na ga fuskarsa, wallahi wasa yake yi. Ya ɗauka raha ce da kowa ya sani. Ashe Awwalu ne, jikan wata Hajiya Dumbulwa ta unguwar Khalidiyya, a nan aka haife shi, yana jin Hausa tsaf, bakinsa ne kawai ba ya juyawa.

Wasu suka yi dariya. Abu Nayif bai yi ba. Ya ajiye ƙoƙon gahawa, ya tambayi Awwalu me waƙar ke cewa. Yaron ya dubi Baba, ya dubi ramin, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ai shirme ne kawai, bai ji sosai ba. Amma magana ta riga ta fita.

Abu Nayif ya tako har bakin rami ya ce wa Sabo ya yi shiru. Sannan ya juyo a hankali. "Ya Maiwada, ƙara ɗaya, saboda baƙi."

Baba ya cire audugar da ta rage a kunnensa ya sa a aljihu. Ya ɗaga bindiga. Ya ce "hat". Faifai ya tashi hagu, ƙasa-ƙasa, ya yi tafiyarsa har ya faɗa cikin yashi lafiya lau. Baba bai ko harba ba. Bindigar na nan tsaye tana duban tsakiya. Kyamara na kan idona, yatsana na kan maɓalli, na sauke ta.

Baba ya karya bindigar, ya zare harsasai, ya miƙa wa Abu Nayif da hannu biyu.

"Tun yaushe?" in ji Abu Nayif.

"Tun bara."

"Tun bara kana riƙe da wuta a tsakiyar 'ya'yan mutane?"

Aka ci gaba da gasa, na ci gaba da ɗauka, tunda abin da ya kawo ni ke nan. Ramin Sabo kuwa sai ƙarar na'ura kawai.

Abu Nayif ba mugu ba ne. Bai kori Sabo ba, bai ɗaga wa Baba murya ba. Ya ce dai in takardar zaman Baba ta ƙare bayan aikin hajji ba zai sabunta ba, zai saya masa tikiti ya yi masa sallama mai kyau. Awwalu ya je ya sumbaci kansa ya roƙe shi, ko gadi a ba tsohon. Abu Nayif ya ce wanda ya ɓoye masa wannan, ba zai iya kwana da sunansa a takardarsa ba. Muka zaga, ni da Sabo, wajen masu shaguna a Sultana, da malamai Hausawa na jami'a ko sun san wani kafilin. Kowa ya tausaya. Ba wanda ke ɗaukar tsoho mai ido guda da ba ya gani sosai.

Hajiya Dumbulwa da kanta ta zo ɗakin Baba, tana dogara sanda, jikanta na biye da ita kai a ƙasa.

"Malam Maiwada, wannan sakaran ne ya ja, ni zan gyara," in ji ta. "Akwai ɗaki a bayan gidana. Ka shiga ka zauna, ba mai leƙowa. Mutum nawa suka yi haka har Allah ya yi musu cikawa a nan?"

"Hajiya, Allah ya saka. In zauna nawa? In Allah ya ja kwanana fa? In riƙa jin takalmi a ƙofa ina shiga bayan buhu, in kasa zuwa masallacin Annabi sai na waiwaya?" Ya girgiza kai. "Ɓuyar da na yi ta ishe ni. Kuma ki daina ce masa sakarai. Yaro ya ji harshen kakarsa ya yi murna, laifi ne?"

Awwalu ya durƙusa ya kama hannunsa. Ya buɗe baki, Hausar ta fito a karkace. "Baba, ka yafe ni."

"Ka yafe mini ake cewa," in ji Baba, ya shafa kansa. "Tashi, ka ɓata farar rigarka."

Ranar tafiya Awwalu ya kawo motarsa, ya ce shi zai kai Baba Jidda. Na shiga baya da jakarsa. Muka tsaya a Baƙi'a bayan sallar azahar. Kaburburan nan ba suna, duwatsu ne kawai a jere cikin rana. Baba ya ce da can yana gane wajen da ɗan tudu, yanzu duk sun zama ɗaya. Ya yi musu sallama gaba ɗaya, ya daɗe yana addu'a, leɓensa na motsi. Ba mu hanzarta shi ba.

Da muka hau hanya sai ya juya a kujera yana fuskantar baya.

"Shittu, ana ganin hasumiyoyin?"

"Ana gani, Baba."

Muka wuce gidajen ƙarshe, muka wuce gonakin dabino. Ya sake tambaya, na ce ana gani, sun ƙanƙance. Hanya ta shiga tsakanin baƙaƙen duwatsu. Wannan karon bai tambaya ba, amma na san yana jira.

"Sun ɓace, Baba."

"To," in ji shi. Ya ɗan ƙara zama a haka, sannan ya gyara ya fuskanci gaba, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.