Fuloti Mai Lamba Bakwai

Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, ma'aikata suka kwararo Dutse babu wurin sa haƙarƙari. Malam Nata'ala direba ne a wata ma'aikata, ya shekara biyu yana kwana a gareji, iyalinsa suna Jahun. Shi da wasu ƙananan ma'aikata goma sha ɗaya suka kafa Ƙungiyar Mu Gina Tare, suka sami fili a bayan Limawa, suka yi alkawarin duk Asabar za a taru a buga bulo, a ɗaga gidan mutum ɗaya kafin a koma na gaba. Alhaji Ɗayyabu suka naɗa shugaba, don shi ya iya magana da manya. Madam Magdalena, mai buga tafireta 'yar Pankshin, ta zama sakatariya.

Ranar rabon fili aka zuba ƙuri'a a hula. Nata'ala ya zaro lamba bakwai, kan tudu, bakin hanya. Ba a kwana uku ba mahaifiyarsa ta kwanta a asibiti, ya tafi Jahun jinya, bai dawo ba sai da ya binne ta. Ya tarar an haƙa fandishon gidan Alhaji Ɗayyabu a lamba bakwai.

"Kuskuren rubutu aka yi, Malam Nata'ala," in ji Alhaji Ɗayyabu, yana dafa kafaɗarsa. "Naka sha ɗaya ne. Ai duk ƙasar Allah ce."

Sha ɗaya a kwari yake, inda ruwan duwatsu ke gangarowa. Nata'ala ba shi da ƙarfin rigima a lokacin, ya gina a nan. Har bulon gidan Alhaji da shi aka buga, tunda haka dokar ƙungiya ta ce. Kowace damina da bokiti suke kwashe ruwa daga ɗaki. A damina ta tara bango ya jiƙe ya faɗo wa matarsa Zinariya, ƙugunta ya karye. Alhaji ya zo dubiya da ledar lemo, Nata'ala ya karɓa ya yi godiya, Alhaji na fita ya watsa wa awaki.

Bai taɓa ɗaga murya ba. Yana gaishe da Alhaji a masallaci, yana jira.

Da ƙungiya ta cika shekara talatin, gidaje sun kai tamanin. Aka shirya biki, za a sa wa babban layi sunan Alhaji Ɗayyabu, aka kuma ɗora wa Madam Magdalena rubuta tarihi. Nata'ala ya same ta da hantsi tana shanya barkono.

"Madam, wa ya zaro bakwai?"

Ta ce, "Kai ne, Malam. Ni na rubuta, ni na sake bugawa. A shekarar mijina Bernard ya rasu, ga yara huɗu, Alhaji ya ce in ban gyara ba nawa ma zai iya zama kuskure." Ta shiga ɗaki ta fito da takardar farko, ta yi ja don tsufa. "So kake a dawo maka da filin?"

"Me zan yi da fili yanzu? So nake ki karanta ta a gaban 'ya'yansa."

Ranar biki aka kafa rumfa, Alhaji ya sha babbar riga, 'ya'ya da jikoki sun kewaye shi. Madam Magdalena ta karanta yadda aka faro, aka yi ta tafi. Sannan ta ce ga sakamakon ƙuri'a kamar yadda ya fito daga hula, ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Bakwai, Nata'ala. Sha ɗaya, Ɗayyabu. Ta faɗi wanda ya sa ta canza.

Alhaji ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Haba jama'a, abin da ya wuce..."

Nata'ala ya juya ga matarsa. "Zinariya, tashi su gan ki."

Ta dogara sanda ta miƙe, ta ratsa rumfar daga wannan gefe zuwa wancan, tana jan ƙafa, ba wanda ya motsa.

"Bai wuce ba, Alhaji. Ga shi nan yana tafiya," in ji Nata'ala.

Ba a kafa allon sunan layin ba. Mutane suka watse ko shinkafar biki ba a raba ba.

Bayan mako guda Alhaji ya turo babban ɗansa Abdulrauf tare da liman neman afuwa, har da tayin a yi musayar gida. Nata'ala ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su har ƙarshe, ya ce su gaida Alhaji, amma bai yafe ba. Kafin kaka Alhaji ya tattara ya koma gonarsa a Garki.

Ranar da motar kayan ta tashi, Zinariya ta tambaye shi ko yanzu ya huce.

"Tukuna dai," in ji shi.