Ƙwallayen da Ke Jikin Sandar Modibbo

Duk wanda ya zauna a unguwar Yalwawa ta Dutse a shekarun nan ya san Yahuza, in bai san shi da fuska ba ya san shi da baki. Ma'aikaci ne a sakatariya, yana da babur ɗinsa da ɗan tumbin da ya fara leƙowa ta gaban riga, amma ba a minti biyar da shi bai kawo zancen ƙwallo ba. Ko ta'aziyya aka je, ana shafa fatiha zai juya ga na kusa da shi ya ce, "Allah sarki, mamacin nan ai yana fili ranar da na ci Ringim uku."

Bugawa kam ya buga, ba a raina masa. Akwai gasar da ake kira Kofin Kwalejoji Bakwai, wadda kwalejojin Dutse da Ringim da Garki da na kewaye suke yi duk shekara. Yahuza ya yi wa ta Dutse shekara huɗu, daga tamanin da tara zuwa casa'in da uku, yana sanye da lamba tara. In ya ɗaga ƙafar hagun nan, gola sai dai ya yi salati. Shi a lissafinsa ƙwallo arba'in da huɗu ya zura, kuma tun da aka fara gasar babu mahaluƙin da ya kamo shi.

To, shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, lokacin da wandon 'yan wasa ya sauko ƙasan gwiwa, sai kwamitin gasar ya ce zai kafa ƙaton allo a bakin fili. Za a rubuta gwanayen gasar tun farkonta: wanda ya fi kowa ci, wanda ya fi kowa yawan wasa, golan da ya fi kowa tsare raga. Yahuza na jin haka ya kai shadda wajen tela, don ranar buɗe allo.

Ashe akwai ƙura. Lokacin da aka yanko Jigawa daga Kano, tsohon sakataren gasar ya tattara komatsansa ya koma can, har da littafin da ake rubuta ci. Da aka aika a karɓo, sai aka tarar gara ta yi walima da shi, bango kawai ta bari. Sabon littafi kuwa bayan rabuwar ya fara. Aka buɗe, aka ga Yahuza ashirin da uku. Wani ɗan Ringim mai suna Tasi'u, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, talatin da takwas, da sauran wasa ɗaya a gabansa. Da aka jera sunaye, Yahuza na shida.

Ranar ko hula bai tsaya sawa ba. Ya sami shugaban kwamitin, Malam Abdurrahim, wani tsohon hedimasta mai tabarau a kan hanci.

"Ranka ya daɗe, na shida? Ni? Wallahi ko awakin Dutse sun san ni ne na ɗaya!"

"To kawo akuya biyu su yi shaida," in ji Malam Abdurrahim, ko murmushi babu. "Mai da'awa shi ke kawo hujja, Yahuza. Yanzu ba a yin abu da ka."

Washegari ya kwaso tsofaffin abokan wasansa biyu, Ashafa da Arzika. Kun san halin maza in ana tuna ƙuruciya. Ashafa ya rantse ya ce sittin ne, shi da idonsa. Arzika ya ce a'a, talatin ne, su ma sai an haɗa da na atisaye. Nan suka kaure da musu a gaban kwamiti har sai da aka raba su. Malam Abdurrahim ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Na ba ka zuwa safiyar Asabar. Da la'asar za a buga wasan ƙarshe, ana tashi mai fenti zai hau tsani."

Yahuza ya koma gida ya ƙi cin tuwo. Matarsa Ikilima, wadda ba a binne zance a gabanta bai tsiro ba, ta zauna tana tsince shinkafa tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baban Hadiyya, wai kai ba ka taɓa duba sandar Baffa ba?"

"Ana maganar ƙwallo kina maganar sanda?"

"Matarsa Inna Iyatu ce ta gaya min, wai kada in faɗa wa kowa. To kai ai ba kowa ba ne."

Sai ta zazzage masa. Mahaifin Yahuza, Modibbo, Bafulatani ne mai kiwo da fataucin shanu a wata ruga bayan Garki. Yahuza kuma ɗan fari ne, ga shi Fulani ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Tun da aka haife shi Modibbo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yaba masa ba, ko ido ba sa haɗawa. In zai yi zancensa sai ya ce "wancan". Amma wai shekara huɗun nan, duk ranar wasa sai Modibbo ya ce zai je duba farashin shanu, ko da ranar babu kasuwar da ke ci a duk ƙasar. Ya hau mota ya bi 'yan wasa gari gari, ya laɓe bayan bishiya. In ya dawo sai ya zaro wuƙa ya yi wa sandar kiwonsa tsaga.

"Inna ta ce da farko ta zaci shanun da ya sayar yake ƙirgawa," in ji Ikilima. "Sai ta ga ana tsaga sanda, garke kuma bai ragu ba."



Ran Alhamis ya hau babur sai ruga. Ya sami Modibbo zaune a gindin marke, sandar na kwance a cinyarsa. Ya durƙusa nesa ya gaishe shi. Modibbo ya amsa wa iska, yana kallon shanu. Yahuza ya saci kallon sandar, ya ga tsage-tsagen a jere kamar haƙoran zarto. Ya buɗe baki zai yi zancen, sai ya fasa. Yaya ɗan fari zai ce wa ubansa, na san kana bina kana kallona? Ai tsiraici ne.

"Baffa... ran Asabar za a yi wani ɗan taro a Dutse. Na allo."

Modibbo ya ɗaga murya wajen bukka ya ce, "A ba baƙo nono ya sha, hanya da nisa."

Shi ke nan abin da ya samu. Ya sha nono ya dawo, ya ce wa Ikilima ta mayar da shaddar cikin akwati.

Safiyar Asabar kwamiti ya zauna ƙarƙashin rumfa a bakin fili, ga allo an jingine fari fat, ga gwangwanayen fenti. Jama'a sun cika, don labari ya riga ya zaga gari, ba sai an faɗi wadda ta zaga da shi ba. Malam Abdurrahim ya duba agogo ya ce, "Yahuza, ina shaidarka?"

Yahuza ya miƙe zai ce babu, sai aka ji ana "A ba tsoho hanya! A ba tsoho hanya!" Ga Modibbo nan da malfa, ya ratso mutane, bai dubi inda ɗansa yake ba. Ya ɗora sanda a kan tebur.

"Wucewa nake zan duba farashin shanu," in ji shi. "Na ji ana neman lissafi."

Malam Abdurrahim ya gyara tabarau. A tsakiyar sandar akwai zobe da aka ƙona da wuta. Modibbo ya sa yatsa a kai ya ce, "Daga nan aka ce mana mun zama Jigawa. Ƙirga na sama."

Aka ƙirga, jama'a na tayawa da baki ɗaya. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, ashirin da uku! Daidai da littafi, ko ɗaya babu ƙari. Wuri ya ɗauki sowa. Malam Abdurrahim ya ɗaga hannu, ya buɗe littafin a tsakiya, ya ce, "Baba, wasan da aka yi da Garki a gidansu, shekara ta biyun rabuwa?"

"Biyu. Ɗaya da ka, ɗaya da hagu. An yi yayyafi."

"Na Ringim da ya biyo baya?"

"Bai ci komai ba. Yawo ya yi ta yi a fili kamar maraƙin da ya ɓace."

Dariya ta ɓarke, Yahuza ya sunkuyar da kai, amma bakinsa har kunne. Malam Abdurrahim ya rufe littafi ya ce, "Littafi ya gaskata sanda. A ƙirga na ƙasa."

Aka ƙirga, aka sami goma sha takwas. Yahuza ya yi wuf ya ce, "Ashirin da ɗaya ne, ranka ya daɗe! Saura uku!"

Modibbo ya ce wa tebur, "A gaya wa wancan, ɗaya alƙalin wasa ya busa satar gida. Ɗaya ruwa ya tashi wasan, aka sake shi daga farko. Ta ukun kuwa da hannu ya tura ta."

"Ai alƙali ya karɓa, Baffa!"

"Alƙali bai gani ba. Allah ya gani, ni ma na gani."

Ashafa ya faɗi ƙasa don dariya. Malam Abdurrahim ya rubuta arba'in da ɗaya. Sai wakilin Ringim ya miƙe, ransa a ɓace, ya ce, "Tsaya tukuna. Wannan dattijo wa yake wa shaida? Tun ɗazu wancan, wancan. Shaida ba ta tabbata sai an ambaci mai ita. Ya faɗi sunansa kowa ya ji."

Duk wanda ke wajen ya san abin da aka nema. Malam Abdurrahim ya yi ɗan tari ya ce, "Maganarsa a kan hanya take, Baba."

Modibbo ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa. Ya gyara malfa, ya juya. Taku ɗaya, taku biyu, taku uku, sai tsohon ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ina da wata kishiyar uwargidana a Yalwawa," in ji shi, "'yar shekara biyar, mai cinye min goro. Hadiyya. Ubanta nake nufi."

"Hadiyya ubanta nawa?" in ji Malam Abdurrahim yana duban wakilin Ringim. "Ɗaya ne dai ko? Shaida ta tabbata!"

Aka ɗaga Yahuza sama da tumbinsa da komai. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, don kwamiti ya ƙara da cewa in Tasi'u ya ci uku da yamma suka yi kunnen doki, shi za a sa a sama, tunda nasa duka a rubuce suke.

Da la'asar fili ya cika maƙil. Aka ba Modibbo kujera ya ƙi, ya ce shi tafiya zai yi, sai ga gefen malfarsa na leƙowa daga bayan tsamiyar da ke kusa da raga. Aka busa usur. Kai, Tasi'un nan ba yaron wasa ba ne! Siriri kamar kara, amma in ya ɗauki ƙwallo sai ka ce aljani ya ari ƙafarsa. Minti goma ya yanke mutum uku ya zura. Talatin da tara. Yahuza ya cire hula ya matse ta a hannu. Bayan hutun rabin lokaci aka bugo kwana, Tasi'u ya tashi sama ya sa kai. Arba'in! 'Yan Ringim suka hau kiɗan jarka. Yahuza ya fara yi wa 'yan bayan Dutse ihu, "Ku riƙe shi! Ku riƙe rigarsa mana, 'ya'yan nan!"

Aka kuwa ji maganarsa. Saura minti biyu a tashi, wani ɗan baya ya cafko rigar Tasi'u a gaban raga, alƙali ya nuna fenariti.

"Ka ga abin da bakinka ya jawo," in ji Arzika.

Tasi'u ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya tofa addu'a a tafin hannu ya shafa. Gola ya tafi dama, ƙwallo ta tafi hagu. Ƙau! Ta daki ƙarfe ta dawo fili, wani ya sheme ta waje, alƙali ya busa tashi.

Kafin kowa ya buɗe baki, sai aka ji wata murya daga bayan tsamiya, irin wadda ake kiran garke da ita daga hayin kogi: "Yahuzaaa!"

Fili duka ya juya. Ga Modibbo ya fito sarari, malfa ta faɗi, sanda a sama. Da ya ga idanu a kansa sai ya sauke hannu a hankali, ya sunkuya ya ɗauki malfa ya kaɗe.

"Wani bijimina ne mai wannan sunan," in ji shi. "Na ga kamar ya wuce ta can."

Babu wanda ya ƙaryata shi, sai dai mata daga nasu ɓangaren suka rangaɗa guɗa, Ikilima ce kan gaba. Mai fenti ya hau tsani. Tasi'u ya zo da gumi ya durƙusa ya gaida Yahuza, Yahuza ya ɗago shi ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Da ni ne dai da hagu zan buga."

Da ya waiwaya neman tsohon, har ya kama hanyar tasha. Sandar ce kawai jingine a jikin babur ɗinsa. Mai sayar da rake da ke wajen ya ce, "Wai in ji Baba, a kai wa Hadiyya ta riƙa korar kaji da ita."

Yahuza ya ɗauke ta, ya bi tsagar da yatsa tun daga ƙasa har sama. Sannan ya ɗaure ta a bayan babur da igiya biyu, ya tafi gida a hankali, yana kauce wa kowane rami.