Tulun da Talal Ya Kawo daga Jamus

A cikin akwatin Talal tulun ya iso unguwarsu ta Misfala, kusa da Harami, nannaɗe da rigunan sanyi biyu. Na tangaran ne, ruwan toka, da zanen 'ya'yan itace a jikinsa da marfi mai nauyi. Mairama ta juya shi, ta leƙa ciki, ta sake juyawa.

"Me ake zubawa a nan?"

Talal ɗanta ne na fari. Shekara uku ke nan yana samun horo a wani asibitin ƙashi a Jamus, hutun sati biyu kawai ya zo bayan ƙaramar Sallah. Ya ce tsohuwar da yake haya a gidanta ce ta ba shi ya kawo mata.

"A can, Ummi, da 'ya'yan itace sun fara nuna ake somawa. Duk abin da ya fito kasuwa a wanke, a zuba masa sukari, a jera a kan na baya. Ba a ci sai sanyi ya shigo, ranar da 'yan gida suka taru."

"Sukari kawai?"

Ya sosa ƙeya. "Suna tsiyaya wata giyar rake a kai. Rum suke ce mata. Na gaya mata mu ba ma sha, ta ce to ki sa furanni a ciki."

"A'uzu billahi," in ji Mairama. Amma ba ta ajiye tulun ba. "Yaushe za ka dawo gaba ɗaya?"

"Disamba, in sha Allah."

"To, sukari ya ishe mu."

Sati ɗaya da tafiyarsa ta sayo farawlar Ɗa'ifa, wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye, ta yanyanka, ta binne ta da sukari, ta cire wani katakon firji don tulun ya samu wuri. Da mishmish ya fito, mai ruwan ɗorawa da ƙwallo a ciki, ta ƙara. Kullum sai ta ɗaga marfin sau uku ko huɗu. Mijinta Abdulganiyyu, mai shagon carbi da darduma, yakan ce, "Ummu Talal, kallo ba ya jawo Disamba."

Sai Hajji ya zo. 'Yan uwa daga Sakkwato suka riƙa shigowa gaisuwa, naman layya ya cika firji har ƙofar ba ta rufuwa. Ta ƙara inabi a tulun, ta kai shi ɗan ɗakin ajiya da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya kaiwa. Da niyyar kwana biyu ta kai shi. Ya yi goma sha biyu.

Ranar da ta tuna, tun daga ƙofa warin ya tare ta. Marfin yana ɗan motsi da kansa, kumfa ta gangaro ta bushe a gefe. Ta ɗaga. Inabin sun taso sama sun kumbura, ruwan yana tsit-tsit kamar ana soya abu a nesa. Ta mayar da marfin da sauri, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

Ta kunna turaren wuta. Ta kashe. Ta ɗauki tsintsiya ta share falon da ta riga ta share. Da aka kira azahar ta yi alwala, sai ta tsaya tana shinshina yatsunta, ta koma ta sake wankewa. Abdulganiyyu ya dawo cin abinci ya tambayi abin da ke wari, ta ce shara ce ba a kwashe ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare, ba ta tuna ranar da ta yi masa irin wannan ba.

Washegari da hantsi ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Hussaina, 'yar Damagaram mai dafa wa mahajjata abinci. Ta kawo ta ɗakin ajiya, Hussaina ta sa hanci sau ɗaya ta ja baya.

"Yaya Mairama, wannan ai ya tashi."

"Ya tashi yaya? Ban sa komai ba, wallahi. Sukari ne."

"Sukarin ne da zafi. Ko kunu aka bari haka zai yi."

"Kina nufin giya na dafa? Ni? Nan da Harami tafiyar ƙafa?"

Mairama ta zauna a kan buhun shinkafa, ta miƙe, ta ɗauko waya ta kira Talal ta bidiyo. Ta same shi a gida, ta juya wayar ta nuna masa kumfar. Ya fara dariya, da ya ga fuskarta ya daina. Ya sauka ƙasa wurin tsohuwar. Mairama ta ga wata farar mata mai gajeren gashi ta matso da tabarau, ta dafe kumatu, tana magana da sauri.

"Ta ce ki yafe mata, Ummi. Wai giyar ce take hana shi lalacewa. In babu ita, dafawa ake yi."

"Ba komai. Zan zubar in sake wani. Akwai ɓaure da rumman kafin Disamba."

Talal ya hau matakala. Sai da ya rufe ƙofar ɗakinsa ya ce, "Ummi, dama ina neman yadda zan gaya miki. Sun ƙara mini shekara biyu. Na sa hannu tun watan jiya."

Ta dubi tulun. "Tun watan jiya."

"Na ji tsoron ɓacin ranki ne."

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Allah ya sa albarka." Ta kashe wayar.

Su biyu suka kinkimi tulun zuwa makewayi. Ta tuttular da shi, farawlar da ta koɗe ce ta fito ƙarshe. Ta bi da ruwa bokiti uku, ta wanke tulun da sabulu har hannunta ya yi fari.

Da Abdulganiyyu ya dawo ta gaya masa duka, har ƙaryar shara. Ya daɗe yana murza gemu.

"Kin sha?"

"Haba, Abu Talal!"

"To ba ki yi niyya ba, kin kuma zubar. Shi yaron ni zan kira shi." Ya cire hula ya ajiye. "Ni ma ya ɓoye mini."

Ba ta iya zama ba ranar. Bayan la'asar ta ja Hussaina kasuwa suka sayo ragowar mishmish, wanda ya yi laushi masu kaya ke neman rabuwa da shi. Hussaina ta nuna mata yadda ake dafa shi da sukari da ruwan lemon tsami, ana juyawa har ya kama bayan cokali. Tiririn ya cika kicin, gumi yana zubo musu.

"Kwalba nawa za mu cika?" Hussaina ta tambaya.

"Ban sani ba. Ke dai ki tambayar mini cikin masu Umara ko akwai mai komawa Jamus, ya kai wa Talal." Ta ɗaga cokalin ta duba. "Ƙara wutar, bai kama ba tukuna."