Littafin Dija Mai Ƙosai

"Shinshina wagga," in ji Inna Tabawa, ta miƙo mini wata takarda da mai ya jiƙa. "Yaji kinka ji ko? Ta Barau mai tsire ta. Waccan kuwa ta Dija ta, mai ƙosai."

Na karɓa na shinshina, don ba a yi mata musu. Tana kishingiɗe a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafafunta a kumbure, ɗiyarta Uwani tana yi mata fifita.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a Gummi. A daminar 1983 na gama jami'a a Sakkwato, na dawo ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Ba ni da yawan magana, ƙawaye ma kaɗan ne, sai ya zama a gidanta nake wuni. Ita kuwa sai da ta haura hamsin ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Da aka rufe ajin ta rasa abin karantawa, har ta lura masu sana'a a bakin kasuwa da shafukan littattafai suke ƙunshe kaya, tsofaffin da ruwa ya ɓata a wata makaranta aka zubar. Tun daga nan take sayen abu don takardarsa. Ƙosan ta ba jikoki, takardar ta shanya ta ɗinke da zare. Ba bango, ba suna, don haka kowane littafi da sunan mai yaga shi take kiransa.

"Jiya na gama na Asabe mai ƙuli-ƙuli," ta ce. "Wata huɗu ina bin tsutsar auduga. Allah shi isa. Yanzu ba ni iya zuwa kasuwa. Ɗaya za ki roƙo mini, duk abin da ya rage, amma ban yanke ba tukuna."

Na duba takardun biyu. Ta Barau labarin wani falke ne da raƙuminsa ya ɓata. Ta Dija bayani ce a kan teku da halittun cikinta.

"Ina son in san ko falken nan ya ga raƙuminai," ta ce. "Amma na Dija ya ce akwai ruwan da jirgi ka yin wata guda bisa shi ba a hangi tudu ba. Gaskiya na, Saude? Ke da kinka yi jami'a."

"Haka ne, Inna."

"Kin gani da idonki?"

"A'a."

"To ashe ni da ke ɗaya."

Da zan tafi Uwani ta rako ni zaure. A nan ta gaya mini likitan da suka gani a Gusau ya ce a mayar da ita gida, da wuya ta ga kaka. Na san yadda Inna take karatu, yatsa a kan harafi, takarda ɗaya a wuni, biyu idan jiki da dama.

Washegari na tafi kasuwa. Na daɗe tsaye nesa da tukubar Barau ina jiran maza su ragu. Da na yi masa bayani a daburce sai ya yi dariya, ya miƙo mini abin da ya rage. "Ɗauka, Malama, ina da jarida." Takarda goma sha ɗaya ce. Na wuce wajen Dija, na ga nata littafin kusa da kasko an danne shi da dutse, kaurinsa ya kusa tubali. Na tsaya ina kallonsa. Na Barau kwana goma sha ɗaya ne ta gama. Wannan ko rabinsa ba za ta kai ba. Na gaishe da Dija, na juya ban tambaye ta komai ba.

"Dija ta ce ba ta da wata takardar ƙunshi," na ce wa Inna, idona a ƙasa.

Ta karɓi na Barau, ta auna shi a tafin hannu, ta tura ƙarƙashin matashi. Kwana biyu ba ta buɗe shi ba.

A rana ta uku da hantsi sai ga Dija da kanta ta zo dubiya, tun daga zaure ake jin muryarta.

"Tsohuwa! Kin ƙi tashi, kin kashe mini ciniki. Wa kinka bar wa ƙosaina?"

"Ke dai marowaciya," in ji Inna. "Takarda ma sai kin hana ni?"

"Wace takarda? Wa ya tambaye ni?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ce Dija ta je ta ɗauko littafin, ta aiki Uwani ɗebo ruwa, muka rage mu biyu.

"Kwanana kinka ƙidaya mini, ko?"

"Inna, so nake ki ga ƙarshen..."

"Na ji ku a zaure. Ƙafa ta kumbura, kunne bai kumbura ba." Ta numfasa. "In na gama na Barau kwana sha ɗaya, ran na sha biyu mi zan yi? In kwanta ina kallon azara ina jiran baƙo? Ni dai shi iske ni da aiki a hannu."

Ta zaro na Barau ta jefo mini a cinya.

"Ke mai saurin ido, duba ƙarshe. An ga raƙumin?"

Na buɗe shafin ƙarshe. "An gan shi, Inna."

"Na sani. Kullum ana ganinai. Tekun nan ne ban san inda za ta kai ni ba."

Daga ranar Dija ta koma ƙunshi da takardar siminti, kuma kullum idan ta sauke kasko sai ta biyo. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ba ta barin magana ta wuce. Inna tana bin layi da yatsa tana furtawa a hankali, ita kuma tana gardama.

"Halitta mai hannu takwas? Ƙarya na! Da wane za shi ci tuwo?"

"Da wanda kike cinye riba da shi," in ji Inna. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Kwana goma sha tara muka yi haka. Muryarta tana ta raguwa, har sai mun matso. A rana ta ƙarshe ta kai inda aka ce can ƙasan teku, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, akwai wani kifi mai ɗan haske a goshi kamar fitila. Shafin ya ƙare a nan. Ta ɗora yatsa a kan kalmar ƙarshe.

"To wa ya sauka can ya gano?" ta ce.

"Juya mana mu ji!" in ji Dija.

"A'a. Sai gobe."

Ta rasu washegari bayan sallar asuba, Uwani tana dama mata kunu.

Dija ce ta soya ƙosan sadakar uku. Da la'asar, bayan mata sun watse, ina naɗe tabarmi ta zo ta tsaya kusa da ni, idonta jajir, ban sani ba ko hayaƙi ne.

"Saude," ta ce, da muryar da ban san tana da ita ba. "Wa ya sauka?"

"Ban sani ba."

"Ba ki duba ba?"

Na girgiza kai. Uwani ta ji mu, ta shiga ɗaki ta fito da littafin ta ajiye a kan tabarmar da ta rage. Ban taɓa karatu da ƙarfi gaban kowa ba in ba a aji ba. Na zauna na buɗe inda aka tsaya. Dija ta durƙusa gefena, ta goge hannunta a zani, ta duba shi, ta sake gogewa, sannan ta riƙe mini ɗaya gefen littafin.