Ƙwayoyin da Aka Kawo wa Idrisu

"Ajiye kofin nan, Baba Idrisu!" Mamata ta daka tsawa daga bakin ƙofa, da ludayin koko a hannunta. Bango ɗaya ya raba ɗakunansu a Zongo, ita ke dafa wa tsohon tun rasuwar matarsa.

Abokansa fataken shanu suka juyo daga kan tabarma. Babban yatsan ƙafar Idrisu ya kumbura ya yi jawur, ko zane ya taɓa sai ya yi ƙara. Ciwon gaɓa ne mai suna gut, in ji likita: ƙwayar kolshisin ɗaya da safe, ɗaya da yamma, in zawo ya fara a dakata. To, zamanin ne da rediyo ke ta kiran kowa kamarad irin na 'yan gurguzu, farmasi kuwa wayam. Sai kowane aboki ya bi tasa hanyar, wannan kasuwar Dantokpa, wancan Legas, ya samo ƙwayar. Kuma ba mai tashi sai ya ga an haɗiye tasa.

"Yau ya sha ta Hudu, ya sha ta Yaƙubu," in ji ta. "Tun jiya zawo yake, ni ke zubar da fo!"

"Ke Mamata, iya bakinki," Halliru, ɗaya daga cikinsu, ya ce. "Cikin hulata na ɓoyo ta na wuce 'yan duwan a kan iyaka. Guba zan ba ɗan'uwana?"

Idrisu ya dube ta, leɓensa a bushe. "'Yata, mutum ya sha wuya saboda ni. Da wane ido zan mayar masa?" Ya yi bisimilla ya haɗiye.

Takaici ya turnuƙe ta. Suna fita ta ɗaga matashinsa, ta kwashe abin da ta samu ta watsa a kwata. Washegari suka ji labari, suka sake kawo wasu, suka zaunar da Hudu a ƙofa don kada "mahaukaciyar nan" ta shiga. Ta bango take jin amansa. Bai kai Juma'a ba.

Wajen ta'aziyya Halliru kuka yake na gaske, shaɓe-shaɓe, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu," ya ce.

"Kun yi kam," in ji Mamata.

Ta ɗauki tsintsiya. A bakin ƙofar ga takalmin Idrisu nan, wanda ya yanke wa baki saboda yatsan. Ta share gefensa ta bar shi inda yake.