Hoton Talaucin Uwar Tagwaye

Shin mace za ta iya yin ƙarya da zaninta na kanta, wanda ta saya da guminta, ta ɗaura har ya koɗe? Tambayar ba ta da kai ba ta da gindi. Uwar Tagwaye ce kaɗai ta amsa ta da sauri, ta ce ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba da ita ba.

Shekaru ta yi tana wankau gida-gida, kafin wata cibiyar koya wa mata sana'a ta koya mata gyaran firij da fanka. Yanzu tana aiki a wani shagon gyara, da shuɗiyar rigar aiki mai aljihu ko'ina. Kullum da safe sai ta ajiye tagwayenta a ɗakin rainon cibiyar, ɗan ɗaki mai tabarma da motar wasa maras taya, ta wuce aiki. Ba don ɗakin nan ba, da ko ƙofar shagon ba ta taka ba.

Shugabar cibiyar, wadda ɗalibai ke kira Anti Tabarau, ita ta zo da maganar. Masu ɗaukar nauyin ɗakin raino sun ce ba za su ci gaba ba sai sun ga hoto biyu: mace lokacin tana cikin wahala, da ita bayan ta fita. Na biyun ba wuya. Na farkon ne babu, domin lokacin da Uwar Tagwaye ke cikin wahalar ba wanda ya ga abin ɗauka a jikinta. Don haka ana so ta ɗauko tsohon zani, ta zauna gaban baho, ta ɗan ɓata rai.

Uwar Tagwaye ta ce a ɗauki wata mana, cibiyar cike take da masu baho. Anti ta sauke tabarau ta ce, "Ƙanwata, masu hoton farko gare ni har sun yi yawa. Mai na biyu ke kaɗai ce."

Uwar Tagwaye ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta yi ba. Da ƙyar ta samu unguwa ta daina kiranta mai wanki, sannan a manna ta a bango da kumfa har gwiwar hannu?

Yayarta, wadda har yanzu wankau take yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ga ta nan da talaucinta sabo fil, kullum a jiki, ba a nema ba, sai na wadda ta ajiye nata. Ta ce in ana so ta ba da aron fuska, amma a dawo mata da ita kafin yamma, tana da aiki da ita. Uwar Tagwaye ba ta yi dariya ba. Abin da ke cin ta shi ne ba ta san inda ƙaryar take ba. Zanin nata ne, bahon nata ne, ciwon bayan ma yana nan. Ranar ce kawai ba ranar ba.

Ana cikin haka mai raino ta tafi neman wani aikin, don ta ji ƙishin-ƙishin za a rufe ɗakin. Uwar Tagwaye ta kwashi yaran zuwa shago. Kafin rana ta take ɗaya ya shige cikin wani mataccen firij ya ja ƙofa, ɗayan yana tsotsar wayar lantarki. Mai shagon mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ciro yaron, ya karkaɗe masa riga, ya ce yana son aikinta ƙwarai, amma gobe ta zo ita kaɗai ko ta huta.

Da ta koma gida ta nemi zanin. Ashe tuni ta yayyaga shi, da shi take goge baƙin mai a hannu. Ta zauna ta harhaɗa tsumman da allura, Yaya na gefe tana cewa ta rage kyan ɗinki, kada talaucin ya fito da tsafta a ƙi yarda da shi.

Da safe ta isa bakin famfon cibiyar da baho a ka da ƙullin kaya. Mai hoto ya dube ta ya ce kumatunta sun ɗan cika, ko za ta iya tsotse su ciki. Ta ce kumatun ma nata ne, ya ɗauka haka ko ya bari. Anti ta tambayi abin da ke cikin ƙullin, tunda kumfa kawai ake bukata.

"Kayan tagwaye ne, tun da na fara aiki ban samu sararinsu ba," in ji ta. "In dai za a sa ni wanki, to na gaske zan yi. Miƙo mayafin nan naki ma, Anti, ya yi dauɗa."

Ta gyara ɗaurin zanin, ta ja kujera 'yar tsuguno, ta tsoma hannu cikin ruwa ta fara cuɗa.